Wasiƙar Akawu: Ko A Bar Yaro Ya Karanci Gwamnati?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ara mini ɗan filin nan da ka saba ba ni a jaridarka mai farin jini, in yi magana da malamai da akawuna 'yan'uwana a kan wani al'amari da ya taso mini a gida, na ga kuma ba gidanmu kaɗai ya shafa ba.

Cikin hutun nan da ya wuce wana ya aiko a kira ni. Na tarad da shi zaune a zaure, ɗansa na tsugune gefe guda, kowa fuska a murtuke. Yaron ya gama aji uku na sakandare, zai shiga aji huɗu, watau inda a ke raba yara kashi kashi, waɗansu su bi kimiyya, waɗansu kasuwanci, waɗansu kuma fannin adabi da zaman jama'a. Uban ya riga ya ƙulla a ransa ɗansa likita zai zama. Yaro kuwa ya ce shi lissafi ba ya shiga kansa, abin da ya ke so shi ne ajin da a ke karanta Gwamnati. Wana ya tambaya me a ke koyarwa ciki, aka ce masa ilmin siyasa ne. Sai ya ce, "Siyasa! In sayad da hatsina in biya kuɗin makaranta don a koya wa ɗana ƙarya da cika baki? Wannan ai ko a bakin kasuwa ya koya, kyauta." Sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Kai ne ɗan boko, gaya masa gaskiya."

Na ce, "Yaya, yi mini haƙuri kwana uku, in ga littafin tukuna." Gama na daɗe rabona da shi, ban kuwa so in yanke hukunci a kan abin da na tuna sama sama. Na ari littafin daga wurin wani malamin makaranta maƙwabcina, tare da manhajar jarrabawar WAEC, na zauna da su dare uku bayan na taso daga ofis. Ga abin da na gani, ga kuma abin da na ke tunani.

Da farko dai, wana ya haɗa abu biyu da suka sha bamban. Akwai siyasar da ya sani, ta ganguna da fasta da rabon atamfa da sabulu ranar zaɓe. Akwai kuma sanin yadda a ke mulki: wa ke yin doka, wa ke zartad da ita, wa ke shari'a in an karya ta, daga ina kuɗin hukuma ke fitowa, ina su ke tafiya, ina iyakar ikon mai iko. Wannan na biyu shi ne darasin. Yaro ya kan fara da ma'anar mulki da irinsa iri iri, da bambancin mulkin da Firayim Minista ke fitowa daga cikin majalisa, kamar na Ingila da namu na 1960 zuwa 1966, da wanda jama'a ke zaɓen Shugaban Ƙasa kai tsaye, kamar na Amurka da namu tun 1979. Daga nan ya shiga yadda Hausawa da Fulani da Yarbawa da Ibo suka riƙe kansu kafin zuwan Turawa, da mulkin En'e, da tsare-tsaren mulkin da gwamnoni suka yi ta kawowa, da jam'iyyu, da juyin mulki, har ya kai ga huldar Nijeriya da waje, Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 da ECOWAS ta 1975. Ban ga shafi ɗaya ba da a ka koya wa yaro yadda zai yi alkawari ya saɓa.

Kada kuma wani ya zaci wannan ilmi Bature ya zo da shi a jirgi. Ni da na yi makarantar mishan ba ni ne zan koya wa malamai littattafansu ba, sai dai in tuna musu. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, littafi a kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi Kitabul Farƙi, inda ya bambanta mulkin adalci da na zalunci, ya lissafa haraje-harajen da a ke ɗora wa talakawa ba bisa ƙa'ida ba. Ƙanensa Abdullahi ya yi Liya'ul Hukkami, ɗansa Muhammadu Bello kuwa ya yi Usulus Siyasa. Ku dubi sunan littafin nan na ƙarshe. Ashe kalmar da wana ke tofar da yawu in ya ji ta, manyan malamai sun ɗora ta a kan littafi ba su ji kunya ba. Mu ne muka ɓata ta daga baya.

Akwai wani abu kuma da na ci karo da shi, wanda tun da na gan shi ya hana ni sakewa. Tsarin mulkinmu na 1999, a sashe na 131, ya jera sharuɗɗan wanda zai nemi shugabancin ƙasa. Ya zama ɗan ƙasa ta haihuwa, ya kai shekarun da a ka ƙayyade, jam'iyya ta tsayad da shi, ya kuma yi karatu aƙalla zuwa matakin takardar gama sakandare ko abin da ya yi daidai da ita. Haka a ka ce a kan Gwamna a sashe na 177, haka a kan ɗan majalisar tarayya a sashe na 65. Watau doka ba ta tilasta wa mai mulkinmu ya taka jami'a ba. Aji shida na sakandare shi ne ƙofar ƙarshe da ta ce lalle ya bi ta ciki. Tun 2018 kuma an rage shekarun: mai shekara 25 ya iya tsayawa takarar Majalisar Wakilai ko majalisar jiha, a da sai 30, shugabancin ƙasa ya sauko daga 40 zuwa 35. Ƙuri'a kuwa daga shekara 18 a ke jefa ta. To, yaron da ke zaune a benci yau, a aji shida, shekarunsa goma sha bakwai ko sha takwas, ko dai ya riga ya isa jefa ƙuri'a ko ya kusa, bayan shekara bakwai kuma ya iya zama mai yi mana doka. In ba a koya masa yadda mulki ya ke a wannan benci ba, ina za a koya masa? Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Har nan ina bayan yaro. Amma, Malam Edita, da zan tsaya nan da na zama mai talla, mai yabon kayansa. Akwai cuta a yadda a ke koyad da darasin nan a wurare da yawa, dole in faɗa, ko da malamai abokaina za su ji haushina.

Wani saurayi a unguwarmu ya ci jarrabawar Gwamnati da kyau bara. Na kira shi, na ce ya gaya mini abin da ya sani game da tsarin mulkin Gwamna Kilifod na 1922. Kai, sai ka ce an kwance famfo. Kujeru huɗu na zaɓe, uku Ikko, ɗaya Kalaba. Mai jefa ƙuri'a sai namiji mai samun fam 100 a shekara. Arewa ba ta cikin majalisar, Gwamna ke yi mata doka da kansa. Na ce madalla. Na Ricas fa? Ya ce 1946, an shigo da Arewa, an kafa majalisun jihohi. Makfasan 1951, Litiltan 1954, tarayya. Duk daidai, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sa'an nan na ce, "To, don me a ka ce sai mai fam 100? Su wa wannan sharaɗi ya shigar, su wa ya fitar?" Shiru. Na ce, "Wane ne kansilan mazaɓarku?" Bai sani ba. Na ce, "In an kama mutum a ka tsare, kwana nawa doka ta yarda a riƙe shi kafin a kai shi gaban alƙali?" Ya sosa ƙeya ya ce wannan ba ya fitowa a jarrabawa.

Wannan amsa ita ce cutar duka. Yaro ya haddace shekaru kamar yadda a ke haddace sunayen tashoshin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, bai taɓa hawa jirgin ba. Alhali amsar tambayata tana nan a rubuce, sashe na 35: in akwai kotun da ta isa sauraron maganar cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne, in babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace, ban da wanda a ke tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne. Wannan magana ɗaya, in yaro ya kai ta gida, ta fi amfanin ubansa da dukan sunayen gwamnonin Turawa. Haka nan sashe na 69, da ya ba mutanen mazaɓa ikon yi wa ɗan majalisarsu kiranye, in fiye da rabin masu rajista suka sa hannu a takarda, hukumar zaɓe ta tantance, a ka yi ƙuri'ar raba gardama. Abu ne mai wuyar gaske a aikace, ban ɓoye ba, amma mutum nawa ne a cikin mu masu karatun jarida ma suka san akwai shi?

Ban ce a bar tarihin ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi a sa masa rai. Ga misali ɗaya da na ke so kowane malamin Gwamnati ya kwana biyu a kansa tare da yaransa, har ya gayyato malamin lissafi. A zaɓen 1979 doka ta ce wanda zai ci shugabancin ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi a lokacin 19 ne. To, nawa ne kashi biyu cikin uku na 19? Alhaji Shehu Shagari ya sami rubu'in da a ke nema a jihohi 12, ta goma sha ukun ita ce Kano, inda ya sami kusan kashi 20 cikin ɗari, bai kai 25 ba. Cif Obafemi Awolowo ya ce ba a yanka jiha kamar ƙosai, kashi biyu cikin uku na 19 sai 13, don haka a je zagaye na biyu. Lauyan Shagari, Ricad Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa uku, abin da a ke nema a Kano kuwa rubu'i ne na kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta, watau ɗaya bisa shida, Shagari kuwa ya wuce haka. Kotun Ƙoli ta bi bayan wannan lissafi, ko da ya ke ba dukan alƙalan suka yarda ba. Ku duba, jama'a, makomar ƙasa ta rataya a kan ɗan lissafin da yaron aji uku na firamare ke yi a allo. A raba aji biyu, rabi su tsaya wa wannan, rabi wancan, gobe a musanya su. Yaron da ya kare magana yau, gobe ya rushe ta da bakinsa, ya koyi abin da yawancin manyanmu ba su koya ba, watau cewa abokin gardama ba lalle ne mahaukaci ko maƙiyi ba.

Misalai irin wannan ba su ƙarewa, kusa da mu kuma su ke. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta ne fa, ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, sarakuna na ji. A shekarar nan kuma a ka kafa NEPU a Kano. Me ya sa ɗaya ya zaɓi gyara daga ciki, waɗancan suka zaɓi ja daga waje? A 1953 Antoni Enahoro ya kawo shawarar mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce ba a shirya ba tukuna, abin ya kai har ga tarzoma a Kano. Wa ke da gaskiya, ko kowa na da rabonsa? Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, matan Arewa sai bayan gyaran 1976, suka shiga babban zaɓe a 1979, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba a kan wannan magana da irinta. 'Yan mata na zaune a ajin nan; a tambaye su ko kakanninsu mata sun tuna ranar da suka fara shiga layi. Wannan aikin gida ne da ba ya bukatar sayen littafi.

Sa'an nan a fita da yara daga aji. Majalisar jiha tana da wurin zaman 'yan kallo, kotu a buɗe ta ke, sakatariyar ƙaramar hukuma kuwa, cikin 774 da mu ke da su, da wuya a ce akwai makarantar da ta yi nisan da ba za a iya kai yara sau ɗaya a shekara ba. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba ta hannun jihohi ba. To, yaro ya je ya tambaya da ladabi nawa ne ya shigo wa ƙaramar hukumarsu watan jiya, ta wace hanya ya zo, me a ka yi da shi. Ko an ba shi amsa ko an hana shi, ya karu. Mu akawuna mun san wane fayil ne ke tafiya, wanne ne ke kwana a ƙarƙashin tebur. Da za a gayyaci ɗayanmu ya yi wa aji bayanin yadda takardar neman gina rijiya ke bi daga hannun mai unguwa har ta zama kuɗi, ko ta mutu a hanya, na tabbata ba yaron da zai yi gyangyaɗi.

Na san abin da waɗansu iyaye ke tsoro, tsoronsu kuwa ba na banza ba ne. Malami mutum ne, yana da jam'iyyar da ya ke so. In an ce a yi gardama a aji, me zai hana ya mai da allo dandalin kamfe, ya cusa wa 'ya'yan mutane ra'ayinsa? Na taɓa zama ƙarƙashin irin wannan malami, a wani darasi dabam, wanda in ka bi ra'ayinsa ka ci, in ka saɓa ka faɗi, har muka gane, muka riƙa rubuta masa abin da ya ke so muna dariya a ɓoye. Abin da muka koya a wurinsa fadanci ne. Magani a gani na shi ne shugaban makaranta ya riƙa leƙawa, malami kuma ya ɗora wa kansa doka: ranar da yara suka iya faɗin wanda ya zaɓa daga yadda ya ke koyarwa, ya san ya kauce. Maki kuma a ba da shi don ƙarfin hujja, ko da hujjar ta ɓata wa malam rai. Amma a ce don tsoron wannan a bar yara da haddar shekaru kawai, ya zama an ƙi cin biri an ci dila. Yaron da makaranta ta ƙi yi wa zancen siyasa, waya na nan a aljihunsa tana yi masa dare da rana, ba manhaja, ba mai leƙawa.

Wani abin da ke damuna shi ne galibi yaran kimiyya ba su ɗaukar darasin nan, sai ka ce likita da injiniya ba za su zauna ƙarƙashin hukuma ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum miliyan 93 da ɗoriya suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba. Dalilai suna da yawa, ba zan ɗora wa makaranta duka ba, akwai fid da rai, akwai wahalar kuɗi da a ka sha a watannin nan, akwai tsoro. Amma na sha zama da masu digiri waɗanda ba su iya bambanta aikin sanata da na shugaban ƙaramar hukuma ba, suna zagin wannan a kan kwatar da wancan ya ƙi gyarawa. Sanatoci 109 da wakilai 360 aikinsu yin doka ne da amincewa da kasafi da bin diddigin yadda a ka kashe shi. Mu kuwa mun mai da su masu rabon buhun shinkafa, su ma sun karɓa da murna, gama rabon shinkafa ya fi karatun kasafi sauƙi.

Da kwana uku suka cika na koma zaure. Ban yi wa wana alkawarin abin da ba ni da iko a kansa ba. Na ce, "Yaya, darasin nan ba ya ba da aiki shi kaɗai, kada in ruɗe ka. Hanya ce zuwa karatun shari'a, ko ilmin siyasa, ko aikin jarida, ko aikin gwamnati irin nawa, ka kuwa ga ni ban gina bene ba. Amma yaron da ba ya son lissafi, in ka tura shi kimiyya da ƙarfi, bayan shekara uku ba likita za ka samu ba, mai takardar faɗuwa za ka samu." Ya yi shiru ya daɗe. Can ya ce, "To, in ya karanta, zai iya gaya mini dalilin da a ke karɓar kuɗi hannuna sau uku tsakanin gona da kasuwa, kowa da rasit ɗinsa? Wanne ne na doka a ciki?" Na ce wannan ita ce irin tambayar da darasin ya kamata ya amsa. Ya dubi yaron ya ce, "Ka ji. Na ba ka shekara guda. In ka dawo da amsar nan, ka ci gaba. In ka dawo mini da sunayen Turawa, ka koma kimiyya ko ka biyo ni gona." Yaro ya ce, "Na yarda, Baba." Da zan fita ya biyo ni har ƙofa, ya ce, "Baffa, a wane shafi amsar ta ke?" Na ce ba ta cikin littafin, sai ya je sakatariya ya nemi jerin harajin da doka ta yarda ƙaramar hukuma ta karɓa, ya gwada da rasit ɗin ubansa. Ranar Litinin mai zuwa zan raka shi, na riga na nemi izinin awa biyu a ofis.

Ina roƙon malaman da ke koyad da Gwamnati, musamman na makarantun ƙauye inda malami ɗaya ke riƙe da darasi uku, su rubuto ta hannun Edita su gaya mini inda na zalunce su, da abin da ke hana su fita da yara. Duk wasiƙar da ta zo zan amsa ta a wannan fili. Wassalam.

Naka,
Akawu